Ranar da Na Kai Tsofaffi Aikin Idon da Aka Gama Tuntuni

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen Dingaya ba za su bar ni ba, da wata ranar Talata da na cika mota da tsofaffi goma sha huɗu na nufi Birnin Kudu da su, ina hakimce a gidan gaba kamar wani kwamishina.

Bari in faro daga tushen ciwon. Ni malamin makaranta ne, ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Gwaram, amma a Dingaya nake kwana, kullum in hau babur in je in dawo. Tun ina ƙarami Allah ya jarrabe ni da son a ce a bakina aka fara jin magana. Wani sigari yake sha, wani goro, ni nawa abin shi ne in shigo majalisa in ce, "Kun kuwa ji?" in ga kowa ya juyo.

To ana haka sai wani abokin karatuna da ke aiki a Kano ya zo gida hutun Sallah, ya ga yadda nake fama, in buɗe wannan shafin jarida in rufe in buɗe wancan, data na ta zuba. Ya karɓi wayata ya sa min wata manhaja ta tara labarai, irin wadda suke kira RSS. Aikinta sauƙi ne da shi. Za ka ba ta adireshin duk shafin da kake so ta jona ka da shi, shi ke nan, duk abin da suka wallafa sai ta kwaso ta jere maka wuri guda, kan labari da layi biyu ko uku a ƙarƙashinsa. Ya kuma nuna min inda ake kashe hotuna don kada ta sha data. Nan take na kashe. (Albashin malamin makaranta da hoton jarida ba sa zama a waya ɗaya.)

Cikin wata guda na jona shafuka sun fi arba'in. Na noma, na siyasa, na ƙwallo, har da na wata ƙasa da ban san ko ta gabas take ko ta yamma ba. Da la'asar in zo gindin darbejiyar ƙofar masallaci inda muke zama, in ciro waya in fara zuba. Farashin taki, ambaliya a wani gari, wanda aka tsige, wanda aka naɗa. Masu rediyo sai da yamma su ji abin da na faɗa tun ɗazu, su zo su ce, "Wallahi Malam ya faɗa." Aka sa min suna Malam Kanun Labarai. Na ɗauka yabo ne. Ban lura sunan ya faɗi gaskiyata tsaf ba: kanun kawai nake karantawa, ban taɓa damuwa in danna in shiga cikin labari ba.

Yanzu sai in gabatar muku da Baffa Sale, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifin namu. Tela ne, kuma rabin rigunan Sallar garinmu daga ƙarƙashin kekensa suka fito. Da yake sunan mahaifinsu aka sa min, ba ya faɗin sunana, Babana yake ce min. Shekara huɗu ke nan idonsa na dusashewa, har ya kai ba ya gane mutum sai ya yi magana. Kowa ya ce yanar ido ce. Shi ma ya yarda yana ce, kuma abin ya zame masa abin dogaro. Yana zaune a zaure kusa da keken da aka lulluɓe da tsohon zani, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce, "Ai da an kankare min yanar nan zan koma kan keke. Ka ajiye yadinka, kada ka kai wa yaran nan su ɓata maka." Yana faɗa yana dariya, kuma da gaske yake.

Ranar wata Alhamis a ofishin malamai na ci karo da wani ɗan shafi mai kawo labaran lafiya na yankinmu, na jona shi. Ko minti ɗaya ba a yi ba labarai suka zubo, a samansu kuwa ga wannan: wata ƙungiyar agaji za ta yi wa masu yanar ido aiki kyauta a babban asibiti a Birnin Kudu ranar Talata, ana kira ga mutanen Birnin Kudu da Gwaram da kewaye su zo da wuri. A gefe manhajar ta rubuta da ƙananan baƙaƙe, minti ɗaya da ya wuce.

Minti ɗaya! Wato duk faɗin ƙaramar hukumar nan ni kaɗai na sani. Na ɗan danna kan labarin, sabis ya yi ta juyi ya ƙi buɗewa, na ce me ma zan nema a ciki, ai an gama magana.

Da na isa gida na gaya wa mai ɗakina. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "To ka kira wani a asibitin mana ka ji. Ba ɗan ajinku na aiki a can ba?"

Na ce, "Su ma'aikatan ai sai sun ji a wurina. Ke kin san abin da ake kira RSS kuwa?"

Ta ce ba ta sani ba. (Ni ma, kamar yadda za ku gani, ban sani ba.)

Baffa na fara gaya wa. Ya lalubo hannuna ya riƙe da hannu biyu. "Babana, ranar Talatar nan mai zuwa?" Na ce ita fa. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Allah ya sa 'ya'yanka su yi maka abin da ya fi haka." Da a nan na tsaya, da abin ya zo da sauƙi, mu biyu a kan babur, mu je mu ji kunya mu dawo babu wanda ya sani. Amma ina! Washegari Juma'a, ana sallamewa na matsa wurin Liman na nemi izini, aka miƙo min lasifika. Na gyara murya na yi sanarwa a gaban jama'ar gari da ta ƙauyuka, har da ƙarin gishirin da babu shi a labarin, cewa likitoci ne ƙwararru, kuma ni da kaina zan jagoranci tafiyar. Addu'ar da aka yi min a ranar, da ana auna ta da mudu da na buɗe shago.

Kafin Lahadi magana ta zaga. Alhaji Iro direba ya ce ya bar lodin ranar Talata, zai kai mu ya dawo da mu don Allah. Ranar Litinin da yamma wani mutum ya kawo mahaifiyarsa a babur tun daga Basirka, wata tsohuwa siririya da ake kira Inna Ladi, ta kwana a ɗakin mai ɗakina da ƙullin kayanta a ƙarƙashin kai. Da yake damina ce, ana tsakiyar maimai, wato noma na biyu, na ce kada kowa ya bar gonarsa don rakiya, kujerun mota na marasa lafiya ne, ni na isa in kula da kowa. Na kuma kafa doka, wadda ban san inda na samo ta ba, cewa kada wanda ya karya kumallo, domin ba a aiki da abinci a ciki.

Ranar Talata ana idar da sallar asuba na je ɗauko Baffa. Na tarar an yaye zanin da ke kan keke. Ya sa an kawo masa mai, ya bi shi da lalube ya shafe ko'ina, zauren sai ƙamshin man keke yake. Ya saka farar rigarsa ta Juma'a. Na gani, na ji daɗi, na ce a raina duk aikina ne wannan.

A mota akwai wani dattijo mai surutu, Malam Hudu, wanda ba ya rabuwa da wata jar dara da ta koɗe. Shi an taɓa yi masa ido ɗaya, yanzu ɗayan zai kai. Tun daga fitarmu har muka hau kwalta yake ba sauran labari. "Kada ku ji tsoro, ko zafi babu. Wancan karon ma ranar Talata ce. Su ma 'yan agaji ne. Su ma haka suka ce, a zo da wuri."

Na waiwayo daga gidan gaba na ce, "Kun ji ko? Ai sun saba yi." (Ku dubi girman Allah. Mutum na karanta min takardar hukuncina, ni ina gyaɗa kai.)

Mun isa Birnin Kudu hantsi bai gama ɗagawa ba. A bakin asibitin ban ga rumfa ba, ban ga kyalle mai rubutu ba, ban ga cincirindon tsofaffi ba. Mai hankali da gabansa ya faɗi. Ni cewa na yi, "Alhamdu lillahi, mun riga kowa." Na sauko da su ɗaya bayan ɗaya, na jera su, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa ko ya kama bakin sandarsa, Baffa ya dafa tawa, Alhaji Iro ya tsare baya. Haka muka ratsa barandar asibitin, layi guda, a hankali, mutane na matsawa suna ba mu hanya suna cewa sannu. Wata mata har cewa ta yi, "Allah ya biya ka, bawan Allah." Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

A sashen ido muka tarar da wata sista, babbar mace mai tabarau, tana jera katuna a kan tebur. Ta ɗago ta ga layinmu ya miƙe har ya sha kwana.

Ta ce, "Malam, lafiya? Daga ina?"

Na ce, "Daga Gwaram. Mun zo aikin ido na kyauta."

"Wane aikin ido?"

"Na 'yan agaji. Na yau Talata." Na ɗan yi murmushi, irin na wanda ya riga ma'aikata sanin abin da ke faruwa a wurin aikinsu. Na ciro waya na miƙa mata. "Wataƙila sanarwar ba ta iso ku ba tukuna."

Ta gyara tabarau ta karanta. Sai ta yi abin da na kasa yi kwana biyar: ta sa yatsa ta danna kan labarin. A Birnin Kudu sabis ba ya wasa, nan take shafin ya buɗe gaba ɗayansa, har da hoto. Ta duba sama, ta duba ni. Ta juyo min da wayar ta ɗora farcenta a ƙarƙashin wani ɗan layi.

"Malam, karanta min nan."

Kwanan wata ne. Ranar daidai, Talata. Shekarar ce ba tamu ba. Shekara uku ke nan da wallafa labarin.

Da a nan aka tsaya, da na samu na ƙirƙiro wata ƙarya, in ce an ɗaga, in ce likitocin sun makale a hanya. Har na fara haɗa ta a raina. Amma sista ta ci gaba da kallon hoton, ta buɗe shi da yatsu biyu, ta ɗaga kai ta bi layin tsofaffina da ido, ta sake komawa kan waya.

Ta ce, "Baba mai jar dara, ɗan matso."

Malam Hudu ya saki kafaɗar na gabansa ya taho. Ta kai masa wayar saitin idonsa mai gani. Hoton na ranar da aka tantance mutane ne kafin wancan aikin, tsofaffi a jere a kan benci a wannan barandar da muke tsaye. Ya ƙura ido, sai fuskarsa ta washe.

"La ilaha illallahu! Wallahi ni ne! Ga ni nan, ga hulata! Jama'a, an sa ni a waya!" Ya ƙara matsawa. "Kai, ga marigayi Malam Ado a kusa da ni, Allah ya jiƙansa. Ai tare muka zo wancan karon. Malam, ashe kana da hotonmu ba ka faɗa ba?"

Da ƙarfi ya faɗa, cikin murna, yadda duk barandar ta ji. Masu jiran likita suka juyo. Wani ya fara dariya ya mayar da ita tari.

Tsofaffina kuwa yawancinsu ba su ga komai ba, ba su kuma gane ba tukuna. Suna tsaye dafe da juna, fuskokinsu na kallon inda suke jin muryata. Sai Inna Ladi ta ce, a hankali, "Ɗan nan, yaushe za a fara? Ni jiri nake ji."

Na ce, "Inna, an ɗan samu canji ne."

Alhaji Iro daga can baya ya ce, "Canjin shekara uku. Malam, faɗa musu gaskiya, ko ni in faɗa."

Na faɗa. Ban san da wace murya ba, amma na faɗa, cewa labarin tsoho ne, an yi aikin an gama tun shekara uku, ni ne ban duba ba. Ina magana ina jin hannun Baffa a kafaɗata. Bai matse ba, bai girgiza ni ba. Sauka kawai ya yi, a hankali, ya koma kan sandarsa. Na gwammace a ce marina ya yi.

Sistar nan, Allah ya saka mata, ba ta ƙara min ko kalma ba. Ta sa aka ba su wuri a benci, ta ce tunda an riga an zo, za ta roƙi likita ya duba su in ya gama da waɗanda ke layi. Da ta ji babu wanda ya karya, a nan ne kawai ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Wa ya ce kada su ci?" Na fita da gudu na nemo koko da ƙosai. Na bi su ɗaya-ɗaya ina sa musu kofi a hannu, kowa ya karɓa ya ce, "Madalla, Malam." Babu wanda ya zage ni. Wannan madallar ta fi zagi ciwo.

Sai bayan azahar aka fara shiga da su. Yawancinsu likita ya ce yana ce, ana iya aiki, amma ba yau ba, ba kuma kyauta ba, sai an ba da rana an shirya. Da aka zo kan Baffa na shiga tare da shi. Likitan ya daɗe yana haska idon, ya auna, ya sake aunawa. Sannan ya jingina da kujera ya yi magana da Hausa, a natse, yadda Baffa zai ji da kunnensa. Ya ce wannan ba yana ba ce. Hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar gani, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Babu abin da za a kankare. Zai rubuta maganin ɗigawa don a riƙe ɗan hasken da ya rage.

Baffa ya ce, "To, likita. Na gode." Ya laluba ya gyara hularsa.

A dawowa ban zauna gidan gaba ba, na bar wa Malam Hudu, na ƙule a kujerar ƙarshe. Hadari ya haɗo, aka yi ta ruwa, abin share gilashi na ta kai da komo. Ina ta addu'a ruwan ya kore mutane daga bakin hanya. Bai kore su ba. Muna shiga gari na hango su a ƙofar masallaci, maza da mata, an zo tarar waɗanda suka warke. Motar na tsayawa wata ta rangaɗa guɗa. Sai tsofaffin suka fara saukowa, kowa na lalube kamar yadda ya hau, guɗar ta tsinke a tsakiya. Alhaji Iro ne ya yi bayani. Ni na kama hannun Baffa na bi ta bayan masallaci.

A zaure na zaunar da shi, na durƙusa na ce, "Baffa, ka yafe min."

Ya ce, "Me ka yi? Alheri ka nufa." Sannan ya ce, "Sai dai, Babana, da ka bar ni da yanata. Da ina nan ina jira."

Da na kira abokina na Kano na gaya masa, ya fara dariya, da ya ji ƙarshen ya daina. Ya ce ai haka manhajar take: duk ranar da ka jona sabon shafi, sai ta kwaso duk abin da ta tarar a ciki, sabo da tsoho, kuma wani lokacin lokacin da take nunawa na sa'ar da ta kwaso ne, ba na ranar da aka rubuta ba. Shafin nan kuwa ya daɗe da mutuwa, labarin aikin idon shi ne kusan na ƙarshe da suka saka. Ya ce, "Na ɗauka ka sani." Na ce ai ni kowa ma haka ya ɗauka.

Bayan kaka wasu daga cikin tsofaffin 'ya'yansu sun mayar da su an yi musu aikin, Malam Hudu har yana gaya wa mutane ni ne sila, wanda ban san ko in yi godiya ko in ɓuya ba. Inna Ladi ba a kai ga nata ba, ta rasu kafin azumi. Baffa ya kyautar da kekensa ga wani tsohon almajirin ɗinkinsa da ke Gwaram. Kullum da safe ni nake ɗiga masa magani kafin in hau babur, yana sa min albarka kamar da, amma ya daina ce wa kowa ya ajiye yadinsa.

A gari kuwa an yafe min, irin yafiyar mutanenmu, wadda ba ta hana tsiya. Ko hadari na ce ya taso, sai wani ya leƙa sama ya ce, "Na wace shekarar?" Ranar da mai ɗakina ta haihu na je masallaci da goro in sanar, wani dattijo ya karɓi nasa ya ce, "Allah ya raya. Amma Malam, ka duba da kyau, ba yaron nan naka da ke aji biyu kake nufi ba?"

Manhajar tana nan a wayata, ban goge ta ba, domin ba ita ta karɓi lasifika a hannun Liman ba. Abin da na koya dai, a makare, shi ne labari ma yana da ranar haihuwa, kuma ya kamata mutum ya tambaye shi shekarunsa kafin ya ɗauke shi ya kai masallaci. Yanzu ko katin ɗaurin aure aka miƙo min, kafin in duba sunan ango, shekarar nake fara nema.